Filashin, Power Commander, ko a bar ECU yadda yake? Ga bambancinsu kafin ka kashe kuɗi

Duk wanda ya mallaki babban babur na zamani, irin su MT-09, Z900, GSX-R, Duke 390 ko Hayabusa, ba a daɗewa maganar taɓa ECU, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, take tasowa. Yawanci daga salansa abin yake farawa, mutum ya kwance ta kamfani ya ɗaura Akrapovic ko wata mai ƙara, sai mashin ya fara harbi ta baya in an saki totur, ko ya riƙa fizga a giya ɗaya da biyu cikin gosulo, ko zafin inji ya dinga gasa maka cinya tun kafin fanka ta tashi. Daga nan kowa sai ya kawo tasa shawarar, wannan ya ce a sa Power Commander, wancan ya ce ai filashin, wato sake rubuta abin da ke cikin ECU, shi ne magana, wani kuma ya turo maka hoton wani ɗan ƙaramin abu da ake sokawa a soket ya ce minti biyar an gama. Dukkansu suna aiki, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ni a ganina abin da zai raba gardama a wajenmu ba sunan na'urar ba ne, man da muke zubawa ne da zafin garinmu da kuma wanda zai ceto ka ranar da abu ya rikice.

Da farko dai maganar nan ba ta shafi Boxer da Jincheng da Haojue ɗin da aka fi hawa ba, su mafi yawansu kafireto ne da CDI, gyaransu jet da allura da sukurun iska, kowane bakanike ya san kansu. Mashin mai nozul muke magana.

ECU, ko biren bos yadda 'yan rewaya ke cewa, shi ke yanke hukuncin yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Yana karɓar labari daga sensar totur, sensar juyin inji, ta zafin iska, ta zafin ruwa, ta matsin iska, da sensar O2 da ke jikin salansa, sannan ya duba teburan da aka rubuta masa, wato taswirar mai da taswirar wuta. Fetur yana ƙonewa tas ne idan iska ta ninka mai sau 14.7 a nauyi, a nan ne kuma indomin da ke cikin salansa yake iya tace hayaƙi sosai. Amma inji ya fi ba da ƙarfi ya kuma fi sanyi idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen 12.8 zuwa 13.2. To kamfanoni dole ne su ci jarrabawar hayaƙi da ta ƙara, Euro 4 ta fara a 2016, Euro 5 a 2020, Euro 5+ a 2024, Indiya kuma ta shiga BS6 a Afrilun 2020 wanda ya sa kusan duk baburanta na cikin gida suka koma nozul. Shi ya sa a ƙaramin totur da tafiyar cikin gari ECU yake bin sensar O2 sau da ƙafa yana riƙe 14.7, in ka saki totur kuma ya yanke mai gaba ɗaya, da ka sake taɓawa ya dawo da shi lokaci guda, wannan yankewa da dawowar ita ce fizgar da kake ji a wuyanka. Idan ka buɗe totur sosai ne yake daina sauraron sensar ya koma kan taswira kawai. Ka riƙe wannan rabon gida biyun, don a kansa ne duk na'urorin nan suka bambanta.

Akwai kuma abu na biyu. Tun da Yamaha ta fito da R6 na 2006 mai totur na lantarki, babu kebul tsakanin hannunka da bakin iska a yawancin manyan babura. Kai roƙo kake yi, ECU ne ke buɗewa. Kana iya murɗa totur har ƙarshe shi kuma ya buɗe rabi ko abin da ya fi rabi kaɗan a wasu giyoyin, kuma babu yawan man da za ka ƙara da zai gyara wannan.

Mu fara da mafi arha, masu yaudarar sensa. BoosterPlug na ƙasar Denmak shi ne ya fi suna, ana soka shi tsakanin sensar zafin iska da wayar ECU, sai ya riƙa nuna wa ECU cewa iskar ta fi yadda take sanyi da digiri 20, ECU kuma ya ƙara mai wajen kashi 6 cikin ɗari saboda iska mai sanyi ta fi nauyi. Ba kwamfuta, ba yanka waya, in ka gaji ka zare. Yana rage fizga da mutuwar inji a silo a wasu baburan, musamman masu silinda ɗaya ko biyu. Amma ƙarin nan ɗaya ne a ko'ina, bai san inda injinka ke jin ƙishi da inda ya riga ya ƙoshi ba, kuma da zarar ECU ya koma sauraron sensar O2 a tafiyar da ba hawa ba sauka sai ya janye ƙarin. A cikin wannan dangin akwai abin kashe sensar O2, da TRE da masu tsofaffin Suzuki suka sani, wanda ke yaudarar sensar giya don ECU ya daina jan wuta baya a ƙananan giyoyi. Ni ban ɗauke su gyaran inji ba, rage zafi ne kawai, idan mashin ɗinka na kamfani ne ba a canza masa komai ba sai 'yar fizga ce ke damunka to ba laifi, amma kada ka cire indomi ka sa cikakkiyar salansa sannan ka ce wannan ɗan abin zai riƙe maka inji.

Sai na'urar goyo, wadda ake ɗora wa ECU a baya ba tare da an taɓa abin da ke cikinsa ba. Power Commander na kamfanin Dynojet a Amurka shi ne kowa ya sani, akwai Rapid Bike na Italiya, sai PowerTRONIC da FuelX na Race Dynamics a Bangalor ta Indiya waɗanda suka yi fice a kan Duke 390 da Dominar da Royal Enfield. Ɗaurawar ba wuya amma tana son natsuwa. Za ka ɗaga tanki, sau da yawa har da akwatin iska, ka zare soket ɗin kowane nozul ka soka na na'urar a tsakani, ka haɗa wayar sensar totur, ka ɗaure wayar as a jikin batir, sannan ka bi da wayoyin ta inda ba za su taɓa kan inji ko su gogu da firam ba. Idan ka buɗe manhajar Power Commander V a laftof za ka ga tebur, a sama an jera buɗin totur 0, 2, 5, 10, 15, 20, 40, 60, 80, 100, a gefe kuma juyin inji yana hawa da 250 250. Kowane gida lamba ce ta kashi cikin ɗari, in ka rubuta 8 a mahaɗar totur 40 da juyi 5000, duk abin da ECU ya ce a fesa a wannan wajen na'urar za ta tsawaita buɗewar nozul da kashi 8. In ka cika teburin da sifili, mashin ya koma yadda kamfani ya yi shi. Wannan sauƙin fahimtar shi ne babban abin da nake so game da ita, mutum yana ganin abin da ya canza da idonsa, kuma ko ka yi kuskure ECU ɗinka lafiyarsa ƙalau.

Amfaninta a wajenmu a fili yake. Ba sai ka cire ECU ka tura wata ƙasa ba, ranar sayar da mashin ka kwance abarka ka sayar daban, in ta samu matsala a hanya kuma ka zare ka mayar da soket ɗin asali ka ƙarasa gida. Ana iya ajiye taswira biyu a sa ɗan makunni a kan hannu, ɗaya ta tafiyar yau da kullum ɗaya ta ranar da ka samu mai mai kyau.

Sai dai iyakarta ma a fili take. Abin da ya fito daga ECU kawai take gyarawa, ba ta shiga cikin tunaninsa. Ba za ta buɗe maka totur ɗin da kamfani ya ɗaure ba, ba za ta sa fanka ta tashi da wuri ba, ba ta kashe fitilar gargaɗin da ke kunnuwa bayan an cire bawul ɗin salansa, maganar taimin wuta kuma a baburan da yawa sai ka sayi wani ƙarin akwati. A wajen da ECU ke sauraron sensar O2 kuwa kokawa suke yi, ita ta ƙara shi ya rage, sai dai a haɗa da abin da ke lallashin sensar. Rapid Bike ta bi ta wata hanya a nan, tana amfani da sensar O2 ta asali tana gyara kanta a hankali yayin da kake tafiya, Easy ɗinsu ɗan ƙarami ne mai maɓallan juyawa biyu, Evo yana riƙe nozul, Racing ya ƙara da taimin. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne kowane ƙarin soket ƙarin ƙofar matsala ne, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina, ga yaran wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi ƙarƙashin tanki, ga girgizar hanyoyinmu. Mashin ya fara yankewa a tsakiyar hanya a yi ta canza fulogi da famfon mai alhali fin ɗaya ne ya yi tsatsa a soket ɗin goyo. In za ka sa, ka shafa man soket ka ɗaure wayoyin da kyau.

Yanzu filashin, wato a shiga cikin ECU ɗin kansa a sake rubuta teburansa. Nan ne ake samun canjin da ake ji a jiki, saboda komai yana hannunka: taswirar mai ta kowane silinda, taimin wuta na kowace giya, yadda totur na lantarki zai bi hannunka, yanke man nan na sakin totur, digirin da fanka za ta tashi, iyakar juyi, iyakar gudu, kashe bawul ɗin salansa da sensar O2 ba tare da fitila ta kunnu ba, a wasu ma har a kunna kwikshifta mai sa a canza giya ba tare da kama kuloci ba. Ba ƙarin waya ko ɗaya, ka ɗaga kujera ba za ka ga alamar an taɓa komai ba. MT-09 na farko da ya fito a 2014 ya yi ƙaurin suna wajen fizgar totur har Yamaha da kanta ta sake masa taswira daga baya, kuma irin wannan ciwon filashin ne maganinsa don matsalar tana cikin taswirar totur ne ba ta mai kaɗai ba.

Inda filashin ya fi nuna kansa shi ne mashin ɗin da aka ɗaure tun daga kamfani. Ka ɗauki Kawasaki ZX-4RR da ya fito a 2023, na kasuwar Amurka doki 56 yake bayarwa a juyi 11,500, na Turai kuma doki 77 a juyi 14,500, inji ɗaya ne, ECU ne ya rufe totur a sama. Babu na'urar goyon da za ta dawo maka da wannan ratar. Wannan kuma ya shafe mu kai tsaye tunda yawancin manyan baburanmu na hannu ne daga waje. A Turai akwai lasin A2 na sababbin mahaya wanda bai yarda mashin ya wuce kilowat 35 ba, wajen doki 47 ke nan, don haka akwai MT-07 da Z900 da ire-irensu da yawa da aka daƙile, wasu ta ECU wasu da ɗan ƙarfen da ke tare totur. Faransa ma ta daɗe da dokar doki 100 har zuwa 2016, to duk babban mashin ɗin da ya baro can kafin lokacin ya biyo ta Kwatano ko Yamai, akwai yiwuwar a ɗaure yake. Idan kana jin mashin ɗinka ba ya ja kamar na abokinka alhali iri ɗaya ne, kafin ka zargi fiston da rin ka duba lambar jikin ECU da takardun ƙasar da ya fito. Shi kuma iyakar gudun kilomita 299 da kamfanoni suka amince a tsakaninsu bayan fitowar Hayabusa a 1999, filashin yana cire shi, amma ni ban ga titin da ke ƙasar nan da wannan zai amfane ka ba, tsakanin ramuka da shanu da masu tsallaka titi ko rabin wannan gudun ganganci ne, kada ka biya ko sisi saboda shi.

Idan kuma mashin ɗinka ba a ɗaure yake ba, to gaskiya ƙarin dokin kaɗan ne, 'yan ƙalilan. Abin da za ka samu shi ne totur mai laushi, tsakiyar juyi ta cika, zafi ya ragu. Duk wanda ya yi maka alkawarin doki ashirin daga filashin kaɗai a kan injin da ba turbo kuma ba a daƙile ba, ka riƙe kuɗinka.

Filashin ɗin ma kala uku ne. Akwai na aikawa, ka cire ECU ka tura wa masu sana'ar irin su 2 Wheel DynoWorks ko Ivan's Performance a Amurka, ka faɗa musu salansa da filtar da kake da su, su zuba taswirar da suka riga suka gwada a kan irin mashin ɗinka su dawo maka da shi. Kuɗin aikin kansa 'yan ɗaruruwan daloli ne, kusan daidai da na'urar goyo ko ƙasa da haka, amma ka ƙara kuɗin kai da kawowa da makonnin da mashin zai yi a ajiye da kuma fargabar kayan su ɓata a hanya. Akwai na yi da kanka, ka sayi kebul da lasisi daga Woolich Racing na Ostareliya ko FTECU, ko TuneECU da ke aiki a wayar Android ga wasu shekarun Triumph da KTM da Aprilia, masu Harley kuma suna da Power Vision da Fuelpak. Na uku shi ne a ɗora mashin a kan daino, wato na'urar da ke auna ƙarfin babur yana tsaye a wuri ɗaya, a sa sensar O2 mai faɗin awo a salansa, a bi gida gida ana gyarawa. Bambancin taswirar da aka sauko da ita da wadda aka yi a daino kamar rigar kanti ce da wadda tela ya auna ka, ta kantin ma za ta shige ka kuma sau da yawa ta isa, amma ba jikinka aka duba ba. Matsalar ita ce dainon babur da wanda ya iya aiki da shi ba abu ne da ake samu a kowane gari ba a nan. Abin da ya fi kusa da shi shi ne Autotune na Dynojet ko Log Box na Woolich, ka sa sensa mai faɗin awo ka yi ta yawo na'ura tana rubuta abin da ta gani tana ba da shawarar gyara. In za ka yi haka ka toshe bututun PAIR ko AIS da ke tura iska cikin salansa tukuna, in ba haka ba sensar za ta ga iskar da ba daga ƙonewa ta fito ba ta ce mai ya yi kaɗan, a yi ta ƙara mai har fulogi su yi baƙi.

Haɗarin filashin kuwa na gaske ne. Idan wuta ta yanke ko batir ya yi ƙasa ana tsakiyar rubutu, ECU na iya mutuwa, garin neman gira a rasa ido. Kada ka taɓa yi da kwamfutar tebur da ke dogaro da NEPA, laftof mai cikakken caji, batirin mashin a cike, a cire fis ɗin fitilar gaba in littafin ya ce a cire, kuma kafin ka rubuta komai ka ajiye fayil ɗin asali a wuri biyu. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne makulli. Baburan Turai da Japan da yawa makullinsu a ɗaure yake da ECU, Honda suna da HISS, Yamaha suna da jan makullin nan da ake yi wa sauran rajista da shi, mu kuma sau da yawa da makulli ɗaya tak mashin ke iso mana. ECU ya mutu ba ECU kaɗai za ka nema ba, har da makullai da abin karanta su, kuma sai dai a yi oda daga waje. Sannan sababbin baburan Euro 5 da 5+ kamfanoni sun ƙara kulle ECU ɗinsu, ba kowanne ne aka samu hanyar shigarsa ba, don haka ka tabbatar lambar ECU ɗinka tana cikin jerin waɗanda manhajar ke karɓa kafin ka biya. Mai sabon mashin da garanti kuma ya sani filashin yana iya kashe garantin inji. A ƙasashen da suke fitowa ma hukuma na sa ido, a 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 a Amurka kan na'urorin tunin kusan 340,000 da ta sayar, shi ya sa za ka ga ana rubuta cewa na filin tsere ne kawai a jikin kayan.

To ga inda gizo ke saƙa, maganar mai. Mu a gidan mai famfon fetur ɗaya ne, ba zaɓin 95 ko 98, ma'aunin okten da aka tsara, wato juriyar mai ga fashewa da kansa, yana wajen RON 91, wannan ma in ba a yi masa haɗi ba, kowa ya tuna gurɓataccen man da methanol ya yi wa yawa a Fabrairun 2022, balle na 'yan bumburutu a jarka da ya kwana a rana. Su kuma Amurkawa lissafin oktensu daban ne, abin da famfonsu ya rubuta 91 ya kai wajen RON 95, 93 ɗinsu kuma wajen RON 98, namu 91 ɗin daidai yake da 87 ɗinsu na gama-gari. Sai mai filashin ya tambaye ka, 91 kake sha ko 93, kai kuma ka ce 91 da zuciya ɗaya, ya tura maka taimin gaba don man da ba ka taɓa gani ba. Injinan nan matsinsu ya riga ya yi sama, R6 yana 13.1, Duke 390 mai cc 373 yana 12.6, ka haɗa da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40, ka haɗa da taimin da aka tura gaba, sai mai ya fara fashewa da kansa a cikin silinda ba bisa tsari ba. Ƙarar ƙarama ce, ƙas ƙas ƙas lokacin da ka buɗe totur a babbar giya juyi yana ƙasa, kuma da salansa mai ƙara da hular kwano ba lalle ka ji ba. Baburan da yawa ba su da sensar da ke jin wannan ƙwanƙwasar ta janye wuta, wasu kamar R1250GS suna da ita, saura kuwa haka za su yi ta ci har kan fiston ya fara zaizayewa inji ya buga. In ka kwance fulogi ka ga farin wajen ya yi fari fat da ƙananan ɗige-ɗige masu ƙyalli ko baƙaƙe a jikinsa, ka tsaya, abin ya fara.

Saboda haka in ni ne zan rubuta wa mai filashin, zan ce masa man 87 na lissafinku nake sha, garinmu akwai zafi, ka bar taimin yadda kamfani ya sa shi ko ma ka ɗan janye a wajen babban totur da ƙaramin juyi, ka gyara mai, ka lallashi totur, ka sauko da digirin fanka. Za ka rasa doki ɗaya ko biyu a takarda amma injin zai yi shekaru. Mai sana'ar kirki zai fahimta, wanda ya ce fayil ɗaya gare shi na kowa da kowa kuma ka nemi wani. A wannan gaɓar na'urar goyo mai mai kaɗai tana da wata fa'ida da ba a lura da ita, tunda ba ta taɓa taimin, da wuya ta jefa ka cikin wannan ramin. Maganar tudu kuwa kada ta dame ka, hawa Jos mai tsayin wajen mita 1,200 ba ya bukatar sabuwar taswira, sensar matsin iska tana gyara wannan da kanta a duk zaɓin nan. Filtar iska mai buɗaɗɗen numfashi da ake haɗawa da tunin ita ce ban goyi baya ba ga mai yawo a ƙurar arewa, ta takarda ta kamfani ta fi tare ƙura, ɗan ƙarfin da za ka samu bai kai kuɗin rin da bawul ba. Kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 shan mai ba abin wasa ba ne, kashe sensar O2 da zuba mai a ko'ina yana ƙara sha, taswira mai kyau tana barin wajen tafiyar hanya kusa da yadda yake ta ƙara man a inda ake buɗe totur.

ECU mai zaman kansa, irin MoTeC, Haltech, MaxxECU, ko aRacer na Taiwan da ake sa wa ƙananan babura, ko Vortex da GET na baburan daji, wannan cire na kamfani ne gaba ɗaya a sa wani. Na masu turbo ne da masu tsere da waɗanda suka canza inji ciki da waje. A babban babur na titi kana iya rasa mita da ABS da tsarin makulli, ga tsada, ga shi dole sai ƙwararre da daino. Ba na mai zuwa aiki da yawon ƙarshen mako ba ne.

Idan mashin ɗinka na kamfani ne ko bakin salansa kaɗai ka canza indomi yana nan, kuma tafiyarsa ba ta damunka, bar shi, ECU zai iya da wannan ɗan canjin, kuɗin ka sa a taya da birki. Idan totur na lantarki ne, ko ka gano a ɗaure ya zo, ko zafi da fizga sun hana ka jin daɗinsa, filashin mai taimin na hankali shi ne zaɓina, kuma na fi son kebul ɗin ya zama naka ko na wani amintacce a garinku don ka iya komawa fayil ɗin asali duk ranar da kake so. Idan totur mai kebul ne kamar MT-07 na shekarun farko ko tsofaffin CBR, ka sa cikakkiyar salansa, makulli ɗaya gare ka kuma ba ka son ECU ya bar hannunka, na'urar goyo ta ishe ka, masu Duke 390 da Dominar ma na Indiyan nan an yi su ne don irin waɗannan injinan da irin zafin da ya yi kama da namu. Kowanne ka zaɓa, kafin a taɓa taswira a auna gibin bawul, a canza fulogi da filta, a wanke nozul, a daidaita bakunan iska in silinda sun fi ɗaya, a duba ko iska na shiga ta robar manifol, don rabin fizgar da ake ɗora wa ECU daga nan take fitowa. Bayan an gama kuma ka yi tafiyar tanki ɗaya ko biyu ka sake kwance fulogi ka duba launinsu, ruwan ƙasa mai haske kake nema a kowane silinda.